Wutar Hasken Rana A Majami'unmu: A Kula Da Ɗan Akwatin Da Ke Tsakani

Maganar da muka kawo maku a wannan mako, in aka dube ta sama-sama, sai a ce ai ta masu gyaran wuta ce, ina ruwan katikis da ita. To, amma mun ga da idonmu yadda ta nemi raba kan wata ikkilisiya, ta kuma kusa ɓata sunan wani dattijo wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

A wani ƙauye da ke tsakanin Malumfashi da Kafur akwai wata ƙaramar ikkilisiya da mukan je koyar da masu shirin baftisma. Shekara da shekaru da ɗan ƙaramin janareto suke yin sujada. Sai ga shi ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har ya zama sai an yi shawara kafin a ja igiyar janareto. Da kaka ta yi, dattawa suka yanke cewa baikon godiya na wannan shekara wutar hasken rana za a saya da shi. Jama'a kuwa suka ba da gaske. Maza suka kawo masara da dawa da waken suya, zumuntar mata suka kawo gyaɗa da barkono, har da wata gwauruwa da ta kawo zakaranta. Aka sayar, aka damƙa kuɗin a hannun ma'aji da dattawa biyu, suka shiga gari suka sayo faifan sola manya guda biyu masu wat 300 kowanne, da manyan batura biyu, da inbata, da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda mai kanti ya ce masu ai kowane iri ma ya yi, ya ba su mafi araha.

Ranar da aka kunna an yi guɗa. Amma kafin marka ta wuce, wutar ta fara ɗaukewa tun mai wa'azi bai kai tsakiya ba, daga baya ma ko waƙar buɗe sujada ba ta bari a gama. Sai tsegumi ya tashi, wai ma'aji tsofaffin batura ya sayo ya soke canji. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma ya ji. Matarsa ta daina zuwa zumunta, shi kuma ya ce zai ajiye littafi da makulli. Za mu dawo kan yadda aka ƙare. Kafin nan bari mu fahimci aikin ɗan akwatin nan, domin a nan ne gizo ke saƙar.

ABIN DA YA KAI MU GA RANA

Wannan yanki namu na Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Kafur da Malumfashi, kowa ya san rumbun abinci ne. A tsakiyar shekarun 1970 ma Funtuwa na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka buɗe babban shirin raya aikin gona da taimakon Bankin Duniya. Amma a fannin wutar lantarki ƙauyukanmu da yawa har yanzu kallo ne nasu. Babban layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau, ta kan gonaki yake wucewa, manomi yana ganinsa bisa kansa da rana, da dare ya koma ga tocila.

Waɗanda ke cikin gari ma sun ɗanɗana. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma da ke kawo wuta daga kudu ta Jihar Binuwai ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan mun ga mutane suna bin gidajen masu sola da wayoyinsu a hannu. A yanki mai fama da rashin tsaro kamar namu, waya mai caji da fitila a harabar majami'a wani lokaci su ne ke tsakanin mutum da halaka.

Ita kuwa sola ta yi sauƙi ƙwarai. A 1954, lokacin da masanan kamfanin Bell a Amurka suka nuna ƙwayar sola ta farko mai amfani, kashi 6 cikin 100 kaɗai na hasken da ya sauka a kanta take iya mayarwa wuta. Faifan zamanin nan sun haura kashi 20, kuma tsakanin 2010 da 2020 farashinsu ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano, a watan Janairu na 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. A nan jiharmu, a Lambar Rimi, an kafa injunan iska 37 da aka tsara su ba da megawat 10. Sai dai rana da iska halinsu ɗaya, ba su ba da wuta da ƙarfi ɗaya daga safe zuwa yamma. Gajimare ya gilma, ƙarfi ya ragu, ya wuce, ƙarfi ya dawo. Batir da ƙwan fitila kuwa daidaitacciyar wuta suke so. Saboda haka dole a samu mai shiga tsakani.

WUTA IRI BIYU CE

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa zai gane awon wuta da sauri. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar tsayin tankin da ke bisa hasumiya. Amfiya ita ce yawan abin da ke gudana cikin waya, kamar yawan ruwan da ke bin bututu. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, wato ƙarfin aikin da wutar za ta iya yi. Bolt 12 sau amfiya 5, wat 60 ke nan.

Sannan wutar kanta iri biyu ce. Akwai miƙaƙƙiya, wadda ke tafiya hanya ɗaya kamar ruwan rafi, masu gyara na kiranta DC. Ita ce ke fitowa daga faifan sola, ita ce batir ke ajiyewa. Akwai kuma mai kai-da-komo, wadda suke kira AC, ita ce ta layin gwamnati da ta janareto, a ƙasarmu takan je ta dawo sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin bolt 230 a gidaje.

Miƙaƙƙiyar ce aka fara sayarwa. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin New York da ita, amma ba ta iya yin nisa fiye da kimanin mil guda. Dalili kuwa shi ne, waya takan ci wani abu daga wutar da ke binta ta mayar da shi zafi, kuma in amfiya ta ninka biyu, asarar sai ta ninka huɗu. Maganin wannan shi ne a ɗaga bolt sama domin amfiya ta ragu. A zamanin nan taransifoma ce kaɗai ke iya ɗaga bolt da sauke shi cikin sauƙi, ita kuma ba ta aiki sai da wuta mai kai-da-komo. Da haka George Westinghouse da Nikola Tesla suka yi rinjaye, har a 1896 aka kai wuta daga gangaren ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo, duniya ta bi sawunsu. Shi ya sa layin nan na Funtuwa yake ɗauke da bolt 132,000, sai an bi ta taransifoma hawa-hawa kafin a sauko da shi gida.

Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Da aka samu ƙananan makunnai na lantarki irin su taransista, waɗanda ke iya buɗewa da rufewa sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, sai ya zama ita ma miƙaƙƙiyar wuta ana iya ɗaga ta a sauke ta. A nan Afirka ma wasu daga cikin layuka mafi tsawo da ita suke aiki. Akwai wanda ya taso daga madatsar Cahora Bassa a Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, wajen kilomita 1,400. Akwai na Inga zuwa Kolwezi a Kwango, kilomita 1,700, wanda aka gama a 1982. Akwai kuma na Habasha zuwa Kenya da ya fara aiki a 2022. A bakin kowane layi akwai katafariyar tashar juya wuta. Ɗan akwatin da ke rataye a bangon majami'armu ƙanen waɗannan tashoshi ne.

AIKIN TAFINTA

Mu da muka saba da baƙon mai wa'azi mun san darajar tafinta. Komai daɗin wa'azi, in tafinta bai iya ba, rabin saƙon a hanya yake zubewa. Haka faifai da batir suke. Babban faifai irin wanda ƙauyen nan suka saya yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen bolt 36, shi kuwa batir a wajen bolt 14 yake karɓar caji. Ɗan akwatin, wanda ake kira kwantirola, shi ne tafintansu, kuma iri biyu ne a kasuwa.

Na farko, mai araha, an rubuta PWM a jikinsa. Wannan ba ya fassara komai, ƙofa ce kawai. Yakan haɗa faifai da batir kai tsaye, in batir ya cika ya riƙa katsewa. Da zarar an haɗa su, batir yakan jawo ƙarfin faifan ƙasa zuwa nasa, amma amfiya ba ta ƙaruwa a bakin komai. Faifai mai wat 300 yana ba da amfiya 8 da ɗoriya. A ninka wannan da bolt 14, sai a ga abin da ke shiga batir bai kai wat 120 ba. Sauran fa? Bai ma fito daga faifan ba. Wannan kwantirola ba mugu ba ne, yana da wurinsa, wato ƙaramin faifai mai bolt 18 da aka yi domin batir mai bolt 12. Haɗa shi da babban faifai ne kuskure.

Na biyu an rubuta MPPT a jikinsa, shi ne mai juya wuta na gaske. A cikinsa akwai abubuwa uku da suke yin aikin. Akwai makunnin nan mai saurin buɗewa da rufewa sau dubu goma-goma cikin daƙiƙa. Akwai naɗin wayar jan ƙarfe, wanda ke riƙe ƙarfin wuta lokacin da makunni yake buɗe hanya, ya ci gaba da tura ta lokacin da ya rufe. Akwai kuma 'yan ma'ajiyai da ke daidaita abin da ya fito domin kada ya riƙa tsalle. In makunnin ya bar wuta ta wuce kashi ɗaya cikin uku na lokaci, bolt 36 sai ya sauko 12, amfiya kuwa ta hau kusan ninki uku. Da haka faifan nan mai amfiya 8 zai iya zuba wajen amfiya 20 cikin batir. Ana iya tsara waɗannan abubuwa uku ta wata hanya su ɗaga bolt sama, ana kuma iya yin wanda ke aiki gaba da baya, ya cika batir da rana ya jawo daga cikinsa da dare.

Bugu da ƙari, wannan kwantirola yana da 'yar ƙwaƙwalwa. Kamar yadda mai neman tasha a rediyo yake murɗawa kaɗan dama, kaɗan hagu, har murya ta fito sarai, haka yake gwada ƙarfin faifan sama da ƙasa ba fasawa, yana tsayawa inda wat ya fi yawa. Wannan yana da muhimmanci a ƙasarmu, domin wurin nan ba ya tsayawa waje ɗaya. Da bazara, faifan da ke bisa kwano yakan yi zafi fiye da digiri 60, kuma duk digiri ɗaya da ya hau bisa 25 yakan rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. Da sanyin safiyar hunturu kuma bolt ɗinsa yakan hau fiye da yadda aka saba, wanda in an jera faifai da yawa a layi ɗaya ba a bar rata ba, yana iya ƙona kwantirola. Mai tsara irin wannan na'ura dole ya yi lissafin zafin Afrilu, da sanyin Janairu, da hazo, da tsawar damina.

ABIN DA AKA GANO

Yanzu sai mu koma ƙauyen nan. Allah ya taimaka akwai wani yaro cikin ƙungiyar matasa da ke karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, ya zo hutu. Muka roƙe shi ya duba. Ya ɗauko mitarsa ya yi kwana biyu yana awo, da safe, da tsakar rana, da yamma. Abu uku ya gano.

Na ɗaya, kwantirola irin na farko ne. Faifan biyu da ya kamata su ba da abin da ya kusa wat 600, abin da ke shiga batura bai wuce 230 ba. In aka ce rana mai ƙarfi awa 5 ce a yini, an tara wat-awa 1,150 ke nan, wato wat sau awa. Na biyu, inbata a kunne take dare da rana tun ranar da aka kafa ta, ba wanda ya san ana kashewa. Ita kuwa ko ba a kunna komai ba tana shan wat 30 domin kanta. Sau awa 24, wat-awa 720. Ashe kusan kashi biyu cikin uku na abin da rana ta bayar inbata ce ke lasowa tana zaune. Na uku, wayar da aka jawo daga rufi siririya ce irin ta fitilar ɗaki, ga ta da tsawo, da tsakar rana in ka taɓa ta sai ka ji ɗumi.

Ma'anar wannan duka ita ce, baturan nan sababbi ne, amma tun da aka kawo su ba su taɓa ƙoshi ba. Batir mai dalma kuwa in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ya daina karɓar caji. Yunwa ce ta kashe su.

KADA A FASSARA SAU BIYU

Sai yaron ya yi mana wata tambaya. Ya ce, ƙwayayen fitilar nan na zamani da wace wuta suke aiki? Waya fa, da rediyo, da kwamfuta, da talabijin? Dukansu a cikin cikinsu miƙaƙƙiyar wuta suke ci. Kan cajar da muke cusawa a bango aikinsa ke nan, ya mayar da wutar layi miƙaƙƙiya. Wato faifai ya ba da DC, batir ya ajiye DC, inbata ta mayar AC, kan caja ya sake mayarwa DC. Tamkar Bahaushe ne yake wa Hausawa wa'azi, aka sa wani ya juya zuwa Turanci, wani kuma ya dawo da shi Hausa. Kowace juyawa tana da ladarta, inbata kaɗai takan ci kashi 5 zuwa 15 cikin 100.

Wannan ne ya sa masana suke komawa ga ƙaramin layin miƙaƙƙiyar wuta, inda faifai da batir da kayan aiki duk suke haɗuwa a kan waya biyu, kowanne da ɗan mai juya wutarsa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dogayen turakun kamfanonin waya da muke gani a bakin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, kayan cikinsu da bolt 48 na miƙaƙƙiyar wuta suke aiki. Firjin allurar rigakafi na sola da aka rarraba a ƙananan asibitoci da taimakon Gavi da UNICEF, kai tsaye yake sha daga faifai, ba batir ba inbata, ƙanƙara yake haɗawa da rana ta riƙe sanyi da dare. Haka nan injin ban-ruwa na sola da masu noman rani suka fara karɓa, wanda zai yi amfani ƙwarai ga masu lambu a bakin madatsun Mairuwa, Gwaigwaye da Malumfashi da masu tumatir na Ɗanja. Kwantirolansa yakan rage gudun injin in rana ta yi sanyi, ya ƙara in ta yi ƙarfi, ma'ajiyarsa kuwa tanki ne ko fangalin da aka cika da ruwa.

A ƙasar Indiya, Farfesa Ashok Jhunjhunwala da abokan aikinsa na babbar cibiyar fasaha ta Madras sun tsara wutar gida mai bolt 48 wadda ba ta bukatar inbata, aka sa ta a dubban gidaje a ƙauyukan hamadar Rajasthan. A Bangaladash, inda aka kafa ƙananan sola fiye da miliyan 4 a gidaje tsakanin 2003 da 2018, kamfanin SOLshare ya fito da dabarar haɗa gidajen maƙwabta da waya, mai rara ya sayar wa mai bukata.

Irin wannan layi yana da wani sauƙi. In za a haɗa janareto biyu masu wuta mai kai-da-komo, dole su tashi tare su sauka tare kamar 'yan kwaya, in ɗaya ya yi gaba an ɓata waƙa. A layin miƙaƙƙiyar wuta ba wannan wahala, bolt kawai ake kallo, kamar ruwa a tankin unguwa. In ya hau, alamar akwai rara, batura su sha. In ya sauka, batura su bayar, in ya ƙara sauka a kashe abin da ba dole ba. A harabar da take da majami'a, da gidan fasto, da aji biyu na makaranta, da rijiyar burtsatse, wannan tsari abin dubawa ne.

INDA HAƊARI YAKE

Kada wani ya karanta wannan ya ce shi ke nan an gama da inbata. Dutsen guga, da injin niƙa, da yawancin firji da amfilifayar da muke da su, don wutar layi aka ƙera su. Sai dai a sayi inbata daidai bukata, mai fitar da wuta lafiyayya, domin mai arahar nan ita ce ke sa lasifika ƙugi, fanka ta riƙa kuka tana zafi. A kuma kashe ta in an tashi sujada.

Haka nan bolt 12 ba ya tafiya nesa. Kayan wat 600 a bolt 12 suna jan amfiya 50, amma a bolt 48 amfiya 12 da rabi ce, asarar cikin waya ta ragu sau 16. Saboda haka ɗaki ɗaya ko biyu bolt 12 ya isa, amma in za a ratsa haraba sai a hau 24 ko 48.

Abu mafi muhimmanci shi ne gobara. Wuta mai kai-da-komo takan sauko sifiri sau 100 cikin daƙiƙa, don haka in tartsatsi ya tashi yakan mutu da kansa. Miƙaƙƙiya ba ta saukowa, in ta kama harshe sai ta riƙe. Dole a sa fis kusa da batir, a kuma nemi makatsar wuta da aka yi domin DC. Kada a juya ja da baƙi. Faifan da aka jera da yawa domin injin ruwa sukan tara bolt ɗari-ɗari, suna iya kisa, kuma muddin akwai rana ba a kashe su. A hana yara wurin. Batir mai ruwa a sa shi inda iska ke shiga, ba cikin ɗakin ajiyar da ke rufe ba, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta, zafi kuma yana rage masa kwana.

KAFIN A TAƁA KUƊIN BAIKO

A cikin Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai son gini, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Shawararmu ga dattawa ita ce a fara da takarda da fensir kafin a je kanti. Alal misali, ƙwai 10 masu wat 7 na awa 4, wat-awa 280. Fanka 4 masu wat 20 na awa 3, 240. Amfilifaya mai wat 100 na awa 3, 300. Cajin waya 20, a ce 300. Jimla 1,120 a yini. A raba da awa 5 na rana, ya ba da wat 224, a ƙara rabin wannan saboda zafi da ƙura da hadarin Agusta, faifai mai wat 350 ya wadatar. Batir mai dalma rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, don haka a nemi ninki biyu, wato batir ɗaya mai lamba 200, wanda ke ɗaukar wat-awa 2,400. Na litiyam ya fi tsada, amma ana shan kusan dukansa, yana kuma yin shekaru da yawa.

Sannan a duba bayan faifai, akwai takarda da aka rubuta bolt da amfiyarsa, a gwada da abin da aka rubuta a jikin kwantirola. A sani kuma akwai na jabu da aka buga wa MPPT alhali ƙofa ce kawai. Na gaske yakan yi nauyi saboda naɗin wayar da ke cikinsa. In ana shakka, a sa mita da tsakar rana lokacin da batir bai cika ba. In bolt na gefen faifai da na gefen batir kusan ɗaya ne, ba ya juya komai. A karɓi rasiɗi, a rubuta komai cikin littafin ikkilisiya, a naɗa mutum ɗaya mai wanke faifai da sassafe a lokacin hazo. Kuma in muna da yara masu karatun wannan fanni, maza ko mata, a sa su cikin shawara tun farko. Araha ba ta ado.

A ƙauyen nan, ranar Lahadi bayan sujada, yaron ya jawo allon makarantar Lahadi gaban jama'a ya rubuta lissafin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama wuri ya yi tsit. Sai wani dattijo ya miƙe ya ce shi ne ya fara maganar, ya je gaban ma'aji ya roƙi gafara, ma'aji kuwa ya kama hannunsa. Baturan ba su tashi ba, sai da aka jira wata kakar. Amma a wannan karon an sayi kwantirolan da ya dace, aka sa waya mai kauri, aka mayar da ƙwayaye da fanka da cajin waya kan miƙaƙƙiyar wuta, inbata kuma ba a kunna ta sai domin lasifika. Da muka koma kwanan baya mun tarar da yara suna karatu da dare a ƙofar majami'a, maƙwabtanmu Musulmi suna kawo wayoyinsu caji, matar ma'aji kuwa tana cikin sahun zumunta da tulunta na kiɗa.

Rana kyauta ce daga wurin Allah, amma masarar da aka sayar aka sayi faifai gumin mutane ce, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta. Ubangiji ya ba mu hikima cikin wakilcinmu, ya kuma tsare bakinmu daga zargin ɗan'uwa kafin mu bincika. Amin.